Daren Gyaran Akwati

Sha biyun dare a Tartu.
Kogi ya daskare tun Laraba,
shayina ya huce a gefen allo.
Na manna sanarwa a ƙofar da ba ta da katako:
"An rufe shafin zaɓe har huɗun asuba.
Ana gyara. A yi mana haƙuri."

Sulev ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafa,
yana karanto jerin aiki kamar mai bin bashi:
a kwafi rajista, a kulle kwafin,
a sauke tsohuwar manhaja, a ɗora sabuwa,
a sauya makullan da wa'adinsu ya cika.
Zaɓen ƙungiyar masunta ne fa kawai, ranar Litinin,
amma hannuna na rawa
kamar na ungozoma a karɓar haihuwarta ta fari.

Ɗaya da kwata, waya ta yi ƙara.
Kakana ne, Endel, daga tsibiri,
wanda barci ya daina ziyarta tun rasuwar kakata.
"Virve, na je duba sunana,
na tarar da ƙofa a garƙame.
Wa ya rufe?"

Na ce ni ce.
Ya yi shiru, har ina jin iskar teku a tagarsa.

"Ina saurayi," in ji shi,
"takarda ake miƙo maka da suna ɗaya tak,
ka ninke ta a gaban mai baƙar kwat,
ka jefa, ka yi godiya.
A zamanin nan in aka ce ana gyara,
to kashegari wani ba ya nan."

Na ce, Kaka, ai gyara kayanka
bai zama sauke mu raba ba.
Kai ma kana jawo jirgi tudu da hunturu,
ka kankare, ka shafe shi da kwalta.

"Haka ne. Amma ni a bakin gaɓa nake shanya koma,
kowa na ganin inda ta yage.
Taki komar, wa ke gani?"

Na waiwaya.
Ga Ilme a lungu, tsohuwar malamar lissafi
da masunta suka turo ta zama idonsu.
Ba ta sha shayinmu, ba ta dariyar barkwancinmu.
Duk lambar da allo ya tofar
sai ta kwafe ta da fensir a littafi mai bangon kore.
Na ce, akwai mai gani, Kaka. Kuma ba ta son mu.
Ya ce, "Madalla," ya kashe waya.

Uku saura, fensirin ya tsaya.
"Jiya dubu biyu da ɗari da sha uku ne.
Yanzu sha biyu."
Sulev ya mayar da takalminsa, ban san dalili ba.

Mutum ɗaya.
Muka bi layi-layi kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa,
har muka same ta:
wata bazawara mai ƙyafa kifi,
sunanta na da ɗan ƙugiya a kan harafi,
sabuwar manhaja ta shaƙe da shi, ta tofar da ita waje.
Layi biyu na gyara. Minti arba'in na gumi.
Ilme ta sake ƙirgawa daga farko,
ba ta yarda da rantsuwar kowa ba.

Huɗu saura takwas na cire sanarwa.
Ba tafi, ba guɗa.
Motar kwashe ƙanƙara kaɗai ke nishi a titi.

Wayar ta sake ƙara.
"Na ga sunana," in ji shi.
"Amma kada ki tambaye ni wa zan zaɓa."

Na ce, ko na tambayi akwatin, Kaka,
ba zai faɗa mini ba.
Aikin da ya hana ni barci ke nan.